Likitan dabbobi har ƙofar gida a Zariya: abin da kuɗinka ke saya da abin da ba ya saya

A Zariya ba a rasa mai yi wa dabba allura. Garin da ke da tsangayar koyon likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da asibitin koyarwarta, ga kuma cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI a Shika, ba za a ce masana sun yi masa ƙaranci ba. Tun zamanin Turawa ma a nan sashen kula da lafiyar dabbobi ya fara zama, kafin a mayar da shi Vom a 1924. Abin da ya yawaita yanzu shi ne aikin zuwa gida: ka buga waya, mutum ya zo a kan babur da jaka da 'yar kula mai ƙanƙara, ya yi wa kare rigakafi, ya ɗura wa awaki maganin tsutsa, ya fesa turke, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Aikin ya cancanci kuɗinsa matuƙar mai yin sa ya zo da rigakafin a cikin sanyi, ya kuma bar takardar shaida. In babu waɗannan biyun, ruwa ka saya.

Amfanin zuwa gida a fili yake ga duk wanda ya san lungunan birni. Mai Keke ba ya ɗaukar kare, ko ya yarda fasinjoji ba za su yarda ba. Awaki da tumakin cikin gida kuma yawanci na mata ne, kuma uwargida ba za ta ja akuya uku daga Ƙofar Doka zuwa Samaru saboda majina ba. Matsalar ita ce mutum iri uku ne ke amsa sunan "Dokta": likita mai rajista da majalisar likitocin dabbobi ta ƙasa, da ma'aikacin lafiyar dabbobi mai difloma wanda ke aiki ƙarƙashin likita, sai yaron shagon magani da ya koyi riƙe sirinji. Na farko da na biyu duk suna iya wannan aiki. Ana gane na uku tun daga bakin zaure, don shi ba ya tambaya. Wanda ya san aiki zai fara da: watanta nawa, tana da ciki, me aka ba ta a makon nan, akwai wadda ta mutu kwanan nan? Wanda ya buɗe jaka kafin ya buɗe baki, a sallame shi da kuɗin mai.

Kiwo a cikin gari ba abin ganin dama ba ne. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi tsara yadda ake ajiye dabbobin gida da yawonsu, haɗe da kula da mayanka da kwashe shara. Ƙananan hukumomi biyu ne suka raba garin nan: Zariya mai birni da Tudun Wada, da Sabon Gari wadda Samaru ke cikinta. Akwai tsohuwar dokar karnuka ta zamanin mulkin mallaka da ta tanadi lasisi da kama karen da ke yawo ba mai shi, akwai kuma dokar tarayya ta hana yaɗuwar cututtukan dabbobi da aka sabunta a 2022. A aikace, wanda mai kiwo zai haɗu da shi duba-gari ne. Shi kuwa abin da yake dubawa bai wuce wari, da ƙudaje, da tarin kashi, da fitsarin dabba da ke bin kwata zuwa hanya, da mushen da aka yar ba. Yakan ba da takardar gargaɗi mai wa'adi, in an yi kunnen ƙashi sai kotu. Tun kafin duba-gari ma malaman birni sun san hukuncin da ke cikin Muwaɗɗa a kan raƙumar Bara'u ɗan Azib: masu gonaki su tsare gonakinsu da rana, ɓarnar da dabba ta yi da dare kuwa mai ita ne zai biya. Shi ya sa in ragonka ya kwana a lambun wani a bakin Kubanni, a gaban mai unguwa ba ka da ta cewa.

Rigakafin haukan kare shi ne ɓangaren da aikin ya fi ƙarfi, kuma shi ne aka fi yin ha'inci a cikinsa, domin mai kare ba shi da yadda zai gane ko allurar ta kama. Ana fara ta ne kare yana da wata uku, a maimaita duk shekara. Yawancin na ruwa da ake shigowa da su mililita 1 ne, a ƙarƙashin fatar wuya ko a tsokar cinya. Akwai kuma busasshe mai kama da gari a gindin kwalba, wanda sai an narka shi da ruwansa a take. Garkuwar ba ta samuwa ranar, sai an yi mako uku zuwa huɗu.

Ka nemi ganin kwalbar kafin a zuƙa. Wurin zamanta tsakanin digiri 2 zuwa 8 ne a ma'aunin Selshiyas. Sa hannu cikin kular: in ƙanƙarar ta narke ta zama ruwan ɗumi, a watan Afrilun Zariya hakan ba ya ɗaukar lokaci, ka ce a dawo gobe da sassafe. Kishiyar wannan ma ɓarna ce. Irin na ruwa idan ya daskare ya lalace, don haka kwalbar da aka manna wa ƙanƙara kai tsaye ba tare da kwali ko tsumma a tsakani ba, ita ma abin tuhuma ce. Duba ranar ƙarewa. Tambayi inda yake ajiya in an ɗauke wuta. Masu firjin sola su suka fi kwanciyar hankali. Kowane kare da sabuwar allurarsa, a ɓare ledarta a gabanka.

Sai kamu, wanda shi ne ke ɓata rabin ziyarar. Karen gadi da yawa bai taɓa sanin igiya a wuyansa ba, da ya ji warin baƙo ya haura katanga. A ɗaure shi tun dare, kuma wanda ke ba shi abinci, maigadi ne ko yaron gida, shi zai riƙe. Takunkumi ba sai na kanti ba. A samo ƙyalle mai tsawon kamar mita ɗaya da rabi, a yi masa zarge a tsakiya, a zura bakin karen ta baya, a tsuke a saman hanci, a sauko da bakunan biyu a gitta su ƙarƙashin haɓa, sannan a ɗaure bayan kunnuwa. Mai riƙo ya rungume wuya da hannu ɗaya, ƙugu da ɗaya. Cikin daƙiƙa kaɗan an gama. Ƙwararre zai kuma tambaya ko karen ya ciji wani cikin kwana goma da suka wuce. In ya ciza, ba allura za a yi masa ba, tsare shi za a yi a sa ido.

Katin da zai bari shi ne rabin abin da ka biya. Ya ƙunshi kamannin karen, ranar allura, sunan maganin, lambar rukunin da ke jikin kwalba (wasu kwalaben suna da 'yar takardar da ake ɓarewa a manna), ranar maimaitawa, da sa hannu da hatimi. Ranar da karen ya yagi ƙafar yaron maƙwabta, wannan katin ne zai sa a yi maganar a zaure maimakon ofishin 'yan sanda. Amma kati ba ya hana zuwa asibiti. A wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cur, a shafa aidin, a nufi asibiti a ranar. Alluran mutum ana yin su ne ranar farko, da ta uku, da ta bakwai, a ƙarasa yadda likita ya tsara, kuma a dantse ake yi ba a ɗuwawu ba. Cizo mai zurfi, ko na fuska da yatsu, yana buƙatar ƙarin maganin garkuwa da ake tsirawa a kewayen ciwon. A ɗaure karen kwana goma: in yana nan garau, ba shi da cutar a yawunsa lokacin da ya yi cizon. In dole ta sa an kashe shi, kada a farfasa kan, domin ƙwaƙwalwar ake gwadawa, likita ne zai shirya aika ta ɗakin gwaji. Ƙona gashin karen a shafa a ciwo ba ya maganin komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe kusan mutum 59,000 a shekara, kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma da zarar alamunta sun bayyana kusan babu mai tashi.

A ɓangaren awaki da tumaki aikin ya fi rauni, ba don masu yin sa ba su iya ba, sai don lissafin kasuwa ya saɓa da lissafin magani. Ɗauki rigakafin PPR, cutar nan mai zuwa da majina da gyambon baki da zawo, wadda kan share turke in an shigo da sabuwar dabba daga kasuwa. Rigakafin yana da kyau ƙwarai: cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom na yin sa, allura ɗaya ga dabbar da ta haura wata uku zuwa huɗu tana kare ta shekara uku ko fiye. To amma kwalba ɗaya ta dabba 50 ce ko 100, kuma da zarar an narka ta, awa biyu ne iyakarta, a cikin sanyi. Gida mai akuya huɗu fa? Ko dai ka biya kuɗin kwalbar duka, ko kuma a yi maka da ragowar da aka narka tun hantsi a Gyallesu ana yawo da ita har la'asar. Da yawa na biyun ake yi, ba kuma a faɗa maka. Maganin abin shi ne gayya: gidaje goma su sa rana ɗaya, a tara dabbobin a ƙofar gidan mai unguwa, a narka kwalbar kowa yana gani. A nan aikin ya fi araha, ya kuma fi inganci. Sabuwar dabba kuwa a ware ta mako biyu zuwa uku kafin ta shiga cikin sauran.

Maganin tsutsa kuma da ido ake auna shi, shi ne illar. Albendazol mai ƙarfin kashi 2.5 cikin ɗari yana da miligiram 25 a kowace mililita. Tunkiya mai kilo 30, a kan miligiram 7.5 kowane kilo, mililita 9 take buƙata. Akuya jikinta yana saurin fitar da maganin, don haka nata ya fi yawa: miligiram 10 kowane kilo, wato mai kilo 20 za ta sha mililita 8. Wanda ya ba kowa murfi ɗaya, ya kashe raunanan tsutsotsi ne ya bar masu taurin kai su hayayyafa, bayan 'yan shekaru a ce maganin jabu ne. Sikelin banɗaki ya isa: mutum ya hau da akuyar a hannu, ya sake hawa shi kaɗai, a debe. Ba a ba mai sabon ciki albendazol a watan farko zuwa kwana 45. Wajen ɗurawa kada a ɗaga kan sama, a zuba a hankali ta gefen baki zuwa bayan harshe. In ya bi maƙogwaron iska, ciwon huhu ne zai biyo baya. Lokacinsa farkon damina, da tsakiyarta, da ƙarshenta. Tsakanin nan a riƙa jan fatar ido ta ƙasa ana dubawa: ja ko ruwan hoda lafiya, fari fat da kumburi ƙarƙashin haɓa alamar tsutsar ciki mai shan jini ce.

Akwai al'adar da masu dabbobi da kansu suke jawowa. "Dokta, a ɗan yi masa allurar ƙarfi mana." Shi kuma don kada a ce bai yi aiki ba, sai ya haɗa oksitetirasaikilin mai dogon zango (maganin ƙwayoyin cuta) da bitamin da ibamektin (maganin tsutsa da kaska) ya danna wa rago lafiyayye. Ibamektin mililita 1 ne ga kilo 50, ragon kilo 25 rabin mililita ke nan, amma sau da yawa sai a cika masa sirinji. Waɗannan magunguna suna zama a cikin nama kusan wata guda, wani ya fi, kuma an rubuta adadin kwanakin a jikin kwalba. Ragon da aka yi wa saura mako ɗaya layya, iyali ne za su ci maganin.

Feshi yana aiki in an bi ƙa'ida. Amitiraz mai kashi 12.5 ana zuba mililita 2 a lita ɗaya ta ruwa don kaskar shanu, na ƙazuwar tumaki da awaki yakan fi haka, a bi rubutun kwalba. A haɗa a yi amfani da shi a ranar, a shayar da dabbobin tukuna don kada su lashi jikinsu saboda ƙishi, a yi da safe, mai feshi ya sa safar hannu ya rufe hanci. Gargaɗin da ya shafi Zazzau musamman: amitiraz ba ya haɗuwa da doki. Yana tsayar masa da hanji har ya kashe shi, kuma gidajen da ke shirin hawan Sallah sukan haɗa doki da raguna a waje ɗaya. Kyanwa ma ba ta jure shi, haka ba ta jure maganin ƙwari na fametirin da danginsa. Sniper kuwa ba na jikin dabba ba ne ko kaɗan. Abin da masu feshi da yawa ke tsallakewa shi ne ƙasa. Ƙuma a cikin ƙurar turke take ƙwai, kaska kuma a tsagar bango, don haka wanda ya fesa dabba ya bar daɓe, bayan mako biyu za a sake kiran sa. A share, a fesa daɓe da bango har tsayin ƙugu, a maimaita bayan kwana 10 zuwa 14.

Tsabtar turken kanta ba ta cikin jakar kowa. Ƙuda daga ƙwai zuwa mai fiffike kwana 7 zuwa 10 ne a lokacin zafi, ƙwan tsutsar ciki ma kusan mako guda yake yi a cikin danshin kashi kafin ya zama mai kamuwa. Wanda ke shara kullum, ko aƙalla sau biyu a mako, ya katse su duka ba da sisin kwabo ba. Kowace tunkiya tana son fili kamar murabba'in mita ɗaya da rabi, daɓen ya ɗan gangara zuwa ramin tsotse ruwa a cikin gida, ba kwatar unguwa ba. A barbaɗa toka inda fitsari ke taruwa. Akurkin abinci a ɗaga shi daga ƙasa. Turke da tarin taki su nisanci rijiya da aƙalla mita 15, in da fili 30. Takin a zuba a buhu a rufe, masu lambu a bakin Galma da kuɗinsu suke nema. In za a wanke da bilic irin Hypo mai kashi 3.5, kofi ɗaya a kofi shida na ruwa, a bar shi minti goma, amma sai bayan an kankare dattin, don kashi yana kashe ƙarfinsa. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini marar daskarewa yana fita ta hanci da dubura, kada a feɗe ta, kada a ja ta zuwa bola. Alamar anthrax ke nan, wadda aka tabbatar da ɓullarta a Suleja a watan Yulin 2023. A kira likita, a binne ta a rami mai zurfin mita biyu.

Akwai kuma ciwon da allura ba ta taɓa shi, kuma shi ne ladan sakin dabba: leda. Akuyar da ke kiwo a bola tana haɗiye ledar da ke da gishirin abinci, ledar ta taru a tumbi ta cure da igiya da tsumma. Za ka ga ciki ya yi girma, ƙugu ya rame, gashi ya tashi, kashi ya zama 'yan ƙanana busassu. Danna kwiɓin hagu da dunƙulen hannu, maimakon laushi sai ka ji tauri kamar tuwon da ya kwana. Mahautan kwatar Zango sun san wannan ƙullin sarai. Man ja ko kanwa ba sa narka shi. Ko a yanka, ko a yi mata tiyata, tiyata kuma aikin asibiti ne irin na Samaru, ba na tsakar gida ba. Mai zuwa gida na kirki zai faɗa maka haka tun zuwan farko. Wanda ba na kirki ba zai yi ta zuwa da bitamin har akuyar ta kwanta.

Babban giɓin aikin shi ne karnukan titi, don mai zuwa gida yana zuwa ne inda aka kira shi aka biya. Kafin a katse yaɗuwar haukan kare a wuri sai an yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wurin rigakafi, kuma karnukan 'yan boko da ke cikin geti ba su kai wannan adadi ba. Galibin waɗanda ake kira na titi ma suna da gidan da suke kwana ko mai shayin da ke jefa masu burodi, sai ranar cizo kowa ya ce ba nasa ba ne. Zuba guba da ake yi in an fusata ba ya rage su. Yana kashe masu sauƙin kai da suka saba da mutane, har da waɗanda aka yi wa allura, ya bar mushe ga kaji da yara, bolar da ke ciyar da su kuma tana nan. Karya kwana 63 take ɗaukar ciki, tana iya haihuwa sau biyu a shekara, ga wasu na shigowa daga maƙwabtan unguwanni. Abin da ke rage su shi ne rufe ragowar abinci da na mayanka, da fiɗiye maza, da cire wa mata mahaifa, wanda shi ma aikin asibiti ne. Mafarauta su ne mutanen da ya kamata a fara jawowa: suna da karnuka da yawa, sun iya riƙe su, karnukan nasu kuma su ke shiga daji da rani su dawo cikin yara. Ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, akan yi rigakafi kyauta ko da rangwame a wasu wurare. Mai unguwar da ya sa aka yi shela a masallaci tun mako guda kafin ranar ya fi kowane mai babur yi wa unguwarsa aiki.

Kuɗi kashi uku ne: na zuwa, na magani a kan kowace dabba, da na feshi a kan girman turke. A raba su tun a waya, a kuma ce a rubuto sunan kowane magani da adadinsa. A sa rana a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu kafin ruwa ya zauna, da sassafe, kafin ƙanƙarar kula ta sha rana. Makonni biyun da ke gaban Babbar Sallah a guje su in ba larura ba: masu aikin a guje suke daga wannan turke zuwa wancan da takalmi ɗaya da riga ɗaya, kuma ta haka PPR ke shiga gidan da ba ta. In dole ne a lokacin, a ajiye baho da ruwan bilic a bakin turke ya taka kafin ya shiga, ya wanke hannu, ya fara da masu lafiya ya ƙare da marar lafiya.